Baƙin aku mai jar wutsiya: yawansa a arewacin Ostireliya na ɓoye halin da yake ciki a kudu

Wanda ya duba jerin hukumar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar barazana a duniya, zai tarar da baƙin aku mai jar wutsiya a rukunin tsuntsayen da babu fargabar ƙarewarsu. Wanda kuma ya duba dokar kare muhalli ta tarayyar Ostireliya ta 1999 zai ga an sa wani reshensa, wato ƙaramin nau'insa na wani yanki, cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, wani kuma cikin masu rauni. Duka bayanan biyu daidai ne. Abin da ya raba su shi ne ma'auni: IUCN ta haɗa tsuntsayen nahiyar gaba ɗaya ta yi musu kuɗin goro, dokar ƙasar kuwa ta bi su reshe-reshe.

Tsuntsun yana cikin dangin aku masu zanko da ake kira kokatu, kuma a Ostireliya kaɗai yake rayuwa a daji. Sunansa na kimiyya Calyptorhynchus banksii. John Latham ne ya bayyana shi a 1790, ya laƙaba masa sunan Joseph Banks, masanin tsirrai da ya bi jirgin ruwan James Cook. Tun a 1770 mai zanen tawagar, Sydney Parkinson, ya zana wata tamata a gabar Kwinsland ta yau. Tsawonsa ya kai kusan santimita 60, nauyinsa daga gram 600 da ɗoriya zuwa 900. Namiji baƙi ne wuluk, sai jan tambari mai faɗi a gashin wutsiya da ke bayyana sosai idan ya buɗe ta zai sauka. Tamata tana da ɗigo-ɗigon rawaya a kai da wuya da fukafukai, ƙirjinta da ratsi-ratsi, wutsiyarta kuma ratsin rawaya da ruwan lemo ce, bakinta ya fi na namiji haske. Matasa, maza da mata, kamar uwa suke fitowa, sai sun doshi shekara 4 namiji ke kammala rikiɗewa. A riƙe wannan, domin a kansa aka gina hanyar da ta fi kowace nuna ko tsuntsun na hayayyafa.

Rassa biyar, rayuwa iri-iri

Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2020 ya sake tsara rassan. Na arewa, banksii, ya mamaye Kwinsland da Yankin Arewa har zuwa Kimberley, bayan an haɗe shi da wani reshe da a da ake ɗauka daban ne. Samueli na tsakiyar nahiyar ne, yana bin manyan bishiyoyin bakin koguna irin su Darling. Escondidus, wanda aka ware a wannan binciken, yana yankin noman alkama da busassun wurare na Yammacin Ostireliya. Naso yana dazukan kudu maso yamma. Graptogyne kuwa yana wani ɗan yanki da ya ratsa iyakar jihar Biktoriya da jihar Kudancin Ostireliya.

Uku na farko ba su da tsananin zaɓen abinci. Suna cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, suna sauka ƙasa su tsinci irin ciyawa. Na yankin alkama ma sun koma cin irin wata ciyawa mai ƙaya da ta shigo daga Afirka ta Kudu, wadda manoma ke fama da ita. A arewa ana ganin garke na ɗaruruwa, kuma a Lakeland da ke arewacin Kwinsland manoman gyaɗa sun san su a matsayin ɓarayin gona: sun koyi tuge gyaɗa daga ƙasa su ɓare ta, har wayoyin lantarkin injinan ban-ruwa suke gatsawa. Waɗannan garkuna ne suka cika ma'aunin IUCN. Ko a nan ɗin ma ba ko'ina ne lafiya ba, don jihar New South Wales ta sa tsuntsayen gabar tekunta cikin waɗanda suka kusa shafewa daga jihar. Amma ainihin matsalar tana wurin rassa biyu na kudu, waɗanda suka ɗaure rayuwarsu ga bishiyoyi ƙalilan.

Ƙwai ɗaya, da kogon da ya girmi kowa

Kafin a shiga batun kowane reshe, sai an fahimci yadda tsuntsun ke haihuwa. Tamata ƙwai ɗaya take sakawa, da wuya a ga biyu. Ita kaɗai ke kwanci na kusan kwana 30, namiji na kawo mata abinci. Ɗan tsakon yakan yi kusan wata 3 a cikin sheƙa kafin ya tashi, bayan nan kuma iyayen su ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara 4 ko fiye. A dazukan kudu maso yamma, ma'aurata da yawa sai sun tsallake shekara suke sake sakawa. Duk abin da ya lalata ƙwai ɗayan nan, to ya cinye aikin shekara guda ko biyu.

Sheƙar kuma ba ginawa suke yi ba. Kogon bishiya suke nema, mai faɗin da zai ɗauki tsuntsu mai doguwar wutsiya, zurfinsa sau da yawa mita 1 zuwa 2, su tauna gefen ciki su shimfiɗa ɓarɓashin itace a ƙasa. Ostireliya ba ta da tsuntsu mai sassaƙa itace da zai fafe irin wannan rami. Gara da ruɓewa da wuta da karyewar reshe ne ke yin aikin sannu a hankali, shi ya sa bishiyar turare ba ta samar da kogo mai wannan girma sai ta haura shekara 100 nesa ba kusa ba. A kudu maso yamma, bishiyoyin da aka samu naso na sheƙa a cikinsu matsakaicin shekarunsu ya wuce 200. Wato gidajen da tsuntsayen ke amfani da su yau sun tsiro ne tun kafin Turawa su kafa birnin Perth a 1829.

A ɗaya gefen, tsuntsun yana da tsawon rai, na hannun masu kiwo kan wuce shekara 40. Wannan ne ke yaudarar ido. Garke zai iya shafe shekara goma ko ashirin yana shawagi a gari, mutane na cewa ai ga su nan da yawa, alhali tsofaffi ne ke ta tsufa babu masu maye gurbinsu. Ranar da raguwar za ta fito fili, an riga an makara da shekaru.

Reshen kudu maso gabas

Graptogyne shi ne mafi ƙanƙanta a jiki kuma mafi ƙaranci, ƙiyasinsa bai wuce tsuntsaye 1,500 ba, garke guda ne a faɗin kusan murabba'in kilomita 18,000, tsakanin garuruwan Keith da Naracoorte da Mount Gambier a yamma, da Edenhope da Casterton da Portland a gabas. Shi aka ɗauka tambarin gasar Kwamanwel ta 2006 a Melbourne, aka kira shi Karak. Shahara ta samu, abinci bai ƙaru ba.

Kusan dukkan abincinsa daga bishiyoyi uku yake fitowa: nau'i biyu na bishiyar turare mai ɓawo kamar zare da ake kira stringybark, wato Eucalyptus baxteri da Eucalyptus arenacea, sai buloke. Tsuntsun yakan katse ƙwanson da baki, ya riƙe da ƙafa, galibi ta hagu, ya fasa ya zaro 'yan ƙananan iri. Irin ƙanana ne ƙwarai, don haka yawancin yininsa a kan cin abinci yake ƙarewa. Lissafin rayuwarsa ke nan: iri nawa zai samu a kowane ƙwanso, ƙwanso nawa a kowane reshe. Idan bishiya ta yi ƙarancin 'ya'ya, namijin da ke ciyar da kansa da matarsa da ɗan tsako ba zai iya tara abin da ya isa kafin rana ta faɗi ba, sai a bar sheƙar.

Stringybark ba ta yin fure kowace shekara, sai bayan shekara 2 zuwa 4, kuma nau'in biyu ba lokaci guda suke yi ba. Tsuntsayen sun fi son sabon ƙwanso, saboda wanda ya daɗe a reshe ya riga ya zubar da wani kaso na irinsa ko ƙwari sun cinye. Shi ya sa garken kan yi ƙaura daga wannan ɓangare zuwa wancan, yana bin nau'in da ya yi 'ya'ya a baya-bayan nan. Dajin da aka ga babu tsuntsu ko ɗaya a cikinsa bana yana iya zama shi ne rumbunsu baɗi, kuma wanda ya ba da izinin sare shi bisa hujjar ba a ga tsuntsu ba ya yi kuskure babba.

An riga an sare wajen rabin dajin stringybark na yankin. Na buloke ya fi muni: kusan kashi 97 cikin 100 ya tafi, saboda a kan ƙasa mai kyau ta noma yake fitowa. Buloke na ba da iri ne a ɗan gajeren lokaci, daga ƙarshen Disamba zuwa wajen Maris, wato lokacin zafi a can. Bishiya ce mai jinkirin girma, sai ta yi kusan shekara 100 kafin ta kai girman da tsuntsayen ke kula ta, kuma akwai mace akwai namiji, macen kaɗai ke yin ƙwanso. Abin da ya rage yawanci ɗaiɗaikun bishiyoyi ne a tsakiyar gonaki. Injin ban-ruwa mai zagayawa a da'ira ba ya aiki sai fili ya zama fetal, manyan injinan noma ma ba sa son abin da zai tare musu hanya, ƙona karan gona kuma na cinye gindin waɗanda aka bari. Tumaki da zomaye na cinye duk wani sabon tsiro. Haka bishiyoyin ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya babu mai lissafi.

Batun wuta ya fi kowanne sarƙaƙiya. Stringybark ba ta cika mutuwa da gobara ba, takan sake tofo. Amma idan harshen wuta ko zafinta ya babbake ganyen sama, bishiyar kan ɗauki kusan shekara 10 kafin ta koma yawan 'ya'yan da take yi. Daji zai yi kore shar bayan shekara biyu, mai wucewa ya ce ya warke, alhali ga tsuntsun babu abin ci a ciki. Hukumomin daji kuma dole su riƙa ƙona wasu sassa da gangan don rage busasshen ganye da itace, in ba haka ba gobarar bazara ta cinye garuruwa, ta cinye dajin gaba ɗaya. Matsayar da masu aikin ceto tsuntsun suka ɗauka ita ce kada dajin da samansa ya babbake cikin shekara 10 ya wuce kashi 15 cikin 100 na wurin cin abincinsa, a haɗa da gobarar da ta tashi da kanta da wadda aka kunna. A aikace wannan na nufin a kunna wuta lokacin da iska ta lafa kuma akwai laima, a yi ta tsiri-tsiri, harshenta ya tsaya ƙasa. Gobara babba guda ɗaya tana iya cinye wannan kason a yini, sai a rasa sararin da za a yi ƙunar rigakafi. Wannan ja-in-ja bai ƙare ba, kuma duk wanda ya ce yana da sauƙin warwarewa bai san yankin ba.

Sheƙarsu da yawa tana cikin matattun bishiyoyi da ke tsaye a makiyaya, musamman Eucalyptus camaldulensis, wadda ita ce dai bishiyar turaren da aka shuka da yawa a arewacin Najeriya don tare iska da hamada. Da yawansu an kashe su ne tun zamanin share gonaki ta hanyar zagaye gindi da gatari, suka bushe a tsaye. Yanzu suna ruɓewa suna faɗuwa, wasu kuma masu neman itacen wuta na sarewa. Ƙananan hukumomin Glenelg da West Wimmera a Biktoriya sun sa ƙa'idar cewa sai da izini za a sare babbar matacciyar bishiya mai kogo. Babban mai satar ƙwai da 'yan tsaki shi ne fosum, wata dabbar dare mai hawa bishiya. Maganinsa mai sauƙi ne: a naɗa falankin kwano mai santsi a zagaye gindin, a tabbatar babu reshen wata bishiya da ya taɓo ta sama, don in akwai, dabbar ta can za ta bi. Akwai kuma tsarin ba manomi ɗan tukuici idan ya kai rahoton sabuwar sheƙa a gonarsa, tun da yawancin sheƙun a filayen mutane suke.

Yadda ake ƙirga su

Tun 1996 'yan sa-kai ke fita a farkon watan Mayu, yanzu ƙarƙashin ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife Australia, kowace tawaga da yankin da aka ba ta. Sukan bi hanyoyin daji da mota a hankali, su tsaya su kashe inji su saurara, domin kukan tsuntsun, mai kama da ƙarar tsohuwar ƙofar ƙarfe, yana zuwa daga nesa kafin a gan shi. Sukan duba ƙasa ko akwai tarin taunannun ƙwanso da yankakkun ganye. Adadin da ake samu yana hawa yana sauka daga shekara zuwa shekara, sau da yawa don an dace da manyan garkuna ne ko an kuskure su.

Aikin da ya fi amfani yana zuwa bayan nan. Tsuntsun dole ya sha ruwa kullum, yawanci da yamma, a kududdufi ko kwamin shayar da dabbobi. Sai ƙwararru su zauna a nan su ƙirga su ɗaya-ɗaya yayin da suke sauka, suna raba manyan maza da masu ratsi. Masu ratsi sun haɗa mata da matasa. A ɗauka, a misali, garke na tsuntsaye 100 kuma manyan maza da mata sun yi daidai. In an samu maza 45, to mata 45 ne, matasa 10 kacal. In maza 38 ne, matasa sun kai 24. Yawan maza a garke alama ce mara kyau. Sakamakon shekaru da dama ya nuna kason maza na ƙaruwa, kuma shekarun da aka samu matasa da yawa su ne waɗanda stringybark ta yi 'ya'ya sosai. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga cewa abinci ne ya fi takura wannan reshe, fiye da ƙarancin kogo.

Karrak na dazukan Perth

Naso, wanda mutanen Noongar, 'yan asalin yankin, ke kira karrak, yana da baki mafi girma, daidai da ƙwanson bishiyar marri mai tauri da yake fasawa. 'Ya'yan bishiyoyin marri da jarrah su ne kusan kashi 90 cikin 100 na abincinsa. Yawansa ya fi na ɗan'uwansa na gabas, ana ƙiyasta shi wajen 15,000, amma ƙalilan ne daga ciki ke haihuwa a kowace shekara.

An shafe fiye da ƙarni ana sare jarrah don katako, kuma manyan bishiyoyi aka fara ɗauka. Gwamnatin jihar ta dakatar da sare dajin asali don kasuwanci daga farkon 2024, sai dai haƙar bokzait, ma'adinin da ake yin alminiyum da shi, wadda kamfanin Alcoa ya fara a dajin tun 1963, tana ci gaba. Ana sake shuka wuraren da aka haƙa, kuma bishiyoyin kan fara ba da abinci bayan wasu shekaru. Kogo kuwa sai jikokin jikoki. Ruwan sama a kudu maso yamma ya ragu sosai tun shekarun 1970, ga cutar da ke ruɓar da saiwar jarrah, ga wata da ke cin jikin marri. Ƙudan zuma da Turawa suka kawo, waɗanda suka gudu suka zama na daji, sukan mamaye kogo su kori tsuntsu, wasu aku da agwagin daji ma na neman ramukan nan.

Daga wajen shekarar 2000 karrak ya fara kwararowa cikin birnin Perth, inda ya gano wata bishiyar ado da aka shuka a gidaje da tituna, Melia azedarach, 'yar'uwar darbejiya. Mazauna birnin sun fi ganinsa yanzu fiye da da, abin da ke sa wasu zaton ya ƙaru. Zaman birni na da nasa farashin: mota na buge su idan sun sauka shan ruwa ko tsintar abinci a bakin titi, saboda tsuntsu ne mai nauyi da ba ya tashi da sauri, hankaki kuma na far wa matasa suna tuge musu gashin wutsiya. Waɗanda suka ji rauni ana kai su asibitin gidan namun daji na Perth, daga nan a wuce da su cibiyar Kaarakin don su murmure kafin a sake su.

Ana rataya kogon roba a bishiyoyi don cike giɓi: faffaɗan bututu mai zurfin fiye da mita 1, buɗe ta sama, da tsanin waya a ciki don tsuntsu ya iya hawa da sauka, da guntun itace da tamata za ta tauna, da ɓarɓashin katako a ƙasa, da ƙananan huji don ruwa ya tsiyaye. Yana buƙatar dubawa a kai a kai, domin ɓarɓashin kan ruɓe ya nutse, itacen taunawa ya ƙare, ƙudan zuma su shiga. Ya yi wa wani jinsin baƙin aku mai farar wutsiya da ake kira Carnaby amfani ƙwarai, amma karrak bai karɓe shi haka ba. Kuma kogon da aka rataya nesa da abinci da ruwa, komai kyansa, fanko zai zauna.

Sai fasa-ƙwauri. Ostireliya ta hana fitar da tsuntsayenta na asali don kasuwanci tun 1960, jinsin kuma yana rukuni na 2 na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, don haka yana da tsada a kasuwannin waje. Masu satar sun fi ɗaukar ƙwai, su ɓoye a riga mai aljihuna a jikinsu don ɗumi. Wasu kan fasa gefen kogon da gatari ko zarto don su kai ga ƙwan, su bar ramin da ba zai sake amfani ba. Saboda haka masu bincike ba sa bayyana ainihin wuraren sheƙa, kuma jami'ai na amfani da gwajin ƙwayoyin halitta su tabbatar ko ɗan tsakon da mai kiwo ya ce a kejinsa aka ƙyanƙyashe da gaske ɗan tsuntsayensa ne.

Shuka sabbin bishiyoyi na gudana a yankunan biyu, kuma a gabas manoma da makarantu sun dasa stringybark masu yawa. An lura cewa bishiyar da ke gefen daji ko tsaye ita kaɗai a fili ta fi ta cikin cunkoso yawan 'ya'ya, don haka ana ba su tazara, a kewaye su da shinge har su fi ƙarfin tumaki. Stringybark da aka dasa tana iya fara ciyar da tsuntsu cikin shekara 10 zuwa 20. Buloke da aka dasa bana sai bayan kusan shekara 100.